Huji Biyu a Bayan Keken Saje

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Baba ya riga mu tafiya wata Laraba da hantsi, yana zaune a kan buzunsa, shayin da na haɗa masa ko hucewa bai yi ba. Kafin rana ta take, gidanmu na unguwar Tishigu a Tamale ya cika har bakin titi. Maƙwabtanmu matan Dagomba suka shigo suna durƙusawa gaban Inna, ita kuwa ba abin da take iya cewa sai amsar gaisuwarsu, "Naa, naa." Gwaggo, ƙanwar Baba, tun daga bakin lungu muka jiyo kukanta. Wata malamar makaranta 'yar kudu da ke haya a bayanmu ta tsaya a tsakar gida, hannu biyu a ka, tana cewa, "Papa Saje ya tafi? Wa zai tsawata ma yara namu yanzu?" Mahaucin da Baba ya yi shekara da shekaru yana duba wa sikeli ba tare da an sa shi ba, shi ma ya zo ya zauna a zaure yana share ido da hularsa.

Can sai ga tsofaffin 'yan sanda, abokan aikin Baba, a kan kekunansu. Kowa ya san abin da ya kawo su. Duk ɗan sandan da ya yi ritaya a garin nan yana da wata 'yar lamba ta tagulla mai tauraro, ɗaure a bayan kekensa ƙarƙashin kariya, wurin ɗora kaya. Ran da ya mutu, 'yan uwansa tsofaffin 'yan sanda za su zo su kwance ta, su ba da likkafani, su yi layi a ƙofar gida, a busa usur, su sara wa gawa kafin a wuce da ita. Baba ne ya kafa wannan al'ada da hannunsa.

Yaya, babban wanmu, ya shiga ɗakin Baba ya turo keken zuwa zaure. An daɗe ba a ga keken a waje ba, akwai wata tsohuwar tabarma naɗe a kariyarsa. Kofur, wani tsoho Badagombe daga unguwar Kukuo wanda shi ke kwance lamba in an yi mutuwa, ya fito da sukudirebarsa. Yaya ya yaye tabarma. Babu lamba. Huji biyu ne kawai, har sun yi tsatsa.

Ina bayan labulen ƙofar zaure ina kallo. Daga nan raɗe-raɗi ya tashi, ya ratsa zaure ya shigo cikin mata. "Ashe shi ma ya sayar." "A shekarar yunwa ne, ba shakka." "Duk faɗan nan da yake wa mutane?" Gwaggo ta katse kukanta ta ce, "Ƙarya ne!" amma muryarta ba ƙarfi. Sufeto, shugabansu, dogon tsoho mai farin gashin baki, ya daɗe yana kallon hujin nan. Sannan ya ce, "Wanda aka tarar ba lamba a kekensa, ba likkafani, ba usur, ba sarawa. Shi ya kawo dokar, mu muka rantse." Suka fita suka zauna a gindin bishiya, ba wanda ya yi layi.

Ni na san inda lambar take. Ni kaɗai a gidan nan na sani, kuma ba ni da ikon faɗa, don Baba ya sa na rantse ba zan buɗe baki ba sai ƙasa ta rufe shi. Wallahi ban taɓa jin nauyin harshena irin na ranar ba. Yanzu ƙasa ta rufe shi, har mun yi sadakar arba'in. To, ku matso ku ji, musamman ku da kuka yi raɗa a tsakar gidanmu kuna cin goronmu. Na gan ku, kuma na san muryoyinku.

Ba zan ce muku Baba mutum ne mai sauƙi ba, don zai tashi ya ƙaryata ni. Ya bar aikin ɗan sanda yana Saje, amma aikin bai bar shi ba. Da usur yake tashin mu sallar asuba. Kayansa shi yake goge abinsa da dutsen gawayi, wai Inna ba ta iya fitar da kari a wando ba, ita da ta yi masa aure tun yana kurtu. In ya zo wucewa ta inda nake sayar da wake da shinkafa a bakin kasuwa, sai ya tsaya ya buɗe tukunya a gaban masu saye ya shinshina.

"Uwata," haka yake kira na, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "wannan mai na jiya ne."

"Haba Baba, a gaban mutane?"

"A bayansu kike so in faɗa?"

Kalmarsa ɗaya ce, yaro da babba sun haddace ta: "Oda oda ce." Ban taɓa jin ya ce wa ɗan Adam yi haƙuri ba. In ya san ya yi wa Inna laifi, sai dai ya dawo da tsire a takarda ya ajiye kusa da ita ya ce wani ne ya ba shi.

Maganar lamba kuwa, ga yadda ta samo asali. Aikin ɗan sanda aikin yawo ne. Mutum zai fito daga kudu ko daga can bakin iyaka yana saurayi, a yi ta jefa shi gari gari, tsufa ya same shi a Tamale ba dangi ba gona. Baba ya taɓa ganin an ɗauki gawar wani tsohon abokin aikinsa a amalanke, leburori suka kai shi rami ba mai rakiya. Ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Shi ne ya tara 'yan uwansa masu ritaya suka kafa ƙungiya, suka sayi tsofaffin farantan tagulla, wani maƙeri a zango ya yanka ya buga musu tauraro. Bugun farko ya fito a karkace, kowa ya ƙi ɗauka. Baba ya ce a ba shi, ai shi ya jawo aikin.

In sabon mai ritaya ya yi ƙorafin tsada, Baba yana da amsa a shirye. "Tagullar da ladan maƙeri ba su wuce kuɗin kaza ba. Mu kuma kuɗin tunkiya muke sayar maka. Abin da ke tsakanin kaza da tunkiya, shi ne likkafaninka." Bayan haka kowa yana ɗan zuba wani abu a asusu ran da aka biya fansho. Da shi ake sayen alawayyo ga Musulmi, katako ga Kirista, goron masu haƙa, da ɗan abin da za a miƙa wa matar mamaci. Lambar da aka kwance kuma a sayar wa na baya. Ba a rubuta sunan kowa a kai. Baba ya ce da gangan ne: "Lamba ba ta san suna ba. Keken da take kai shi ne mai ita." Daga baya maƙerin ya rasu, ƙarfen bugun ya tsage, ba a ƙara yin sabuwa ba. Ya zamana sabon mai ritaya sai ya jira wani ya mutu. Inna takan ce in sun zo duba marar lafiya, ido ɗaya a kan gado, ido ɗaya a kan keke.

Kowace Juma'a da safe Baba zai fito da kekensa tsakar gida, ya sa toka da lemon tsami ya goge lambar nan har ta riƙa ɗaukar ido. Amma abin da ya fi so duka shi ne sarawar. Kai, Baba da sarawa! Yakan tara tsofaffin nan a filin makaranta yana ba su horo, masu ciwon gwiwa da masu tari, yana daka musu tsawa. In ya dawo daga jana'iza ba zancen mamaci yake yi ba, zancen wanda ya makara ɗaga hannu yake yi. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya ce mini, "Uwata, ranar tawa ki leƙa ta labule ki gani ko sun yi daidai. In sun ɓata, ki faɗa musu na ce ban yafe ba." Yana faɗa yana dariya, amma ni na san har cikin ransa ne.

Babban amininsa wani Kirista ne ɗan kudu, tare suka yi aiki a bakin iyaka suna samari. Mu yara muna ce masa Wofa, wato kawu a bakin mutanensu. Matarsa ta rasu tun tuni, 'ya'yansa sun bazu neman kuɗi ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba, yana zaune shi kaɗai a ɗakin haya a unguwar Choggu. Kullum da la'asar yana ƙofar gidanmu suna dara da Baba, kullum kuma da faɗa ake tashi. Wofa na satar ɗan dara, Baba na kama shi.

"Saje, ido naka ya tsufa. Ɗa nan yana nan tun da."

"Ƙarya kake, ɗan giyar pito! Da hannun hagu ka tura shi."

Gobe kuma ga shi ya dawo. Inna takan zuba masa tuwo a kwanon Baba, ba a na baƙi ba.

Sai shekarar yunwa ta zo. Waɗanda suka gan ta ba sa bukatar bayani. Ruwa ya ƙi, wuta ta cinye gonaki, aka kuma koro mutanenmu daga Legas suka dawo da jakunkuna a ka. Kanti ba sabulu, ba sukari, ba ashana. Fanshon Baba na wata ba ya sayen masarar mako. Ni kaina na sauke tukunyar wake da shinkafa na koma dama koko tsararo. Aka kafa shinge a kowace hanyar shiga gari ana binciken masu ɓoye kaya, 'yan kalabule. To, a nan ne lambar nan ta zama abin nema. Yaran da ke tsaron shinge in sun ga tauraro a bayan keke sai su ƙame su sara, su ɗaga sanda, ba mai taɓa buhu. 'Yan kalabule suka gane, suka fara bin tsofaffi gida gida.

Na farkon da ya nemi ta Baba ɗansa ne. Yaya na cikin waɗanda aka koro, ya dawo ba ko sisi, ga mata ga yara. Ya durƙusa a gaban Baba ya ce aron keken kawai yake so, sawu ɗaya, wani zai biya shi ya shigo da sukari.

"Baba, jikokinka ba su ci ba tun jiya."

"Na sani. Ni ma ban ci ba."

"Sawu ɗaya ne fa."

"Yaron da ke shinge ba kai zai sara wa ba, ni zai sara wa. Ba zan sa ya sara wa sukarin sata ba. Tashi ka ba ni wuri."

Yaya ya tashi, ya yi wata da watanni ba ya zama inda Baba yake. Ni ma a lokacin na ji haushin Baba, ba zan ɓoye ba, har na ce wa Inna tsohon nan ya fi son tagulla a kan jininsa. Inna ta ce in rufe mata baki.

A makon ne Baba ya kira taro ya kawo dokar. Mutum ɗaya, lamba ɗaya, har abada. Wanda ya sayar ko ya ba da aro ko ya ce ta ɓata, ba a sake ba shi. Wanda mutuwa ta riska ba lamba a kekensa, ƙungiya ba ta san shi ba. Ya ce in ba haka ba, kafin damina rabinsu sun sayar, yaran shinge su daina sarawa, sababbi su daina saye, asusu ya mutu, a koma zamanin amalanke. Duka suka rantse, Musulmi da Alƙur'ani, Kirista da littafinsu.

Wa kuke tsammani aka fara kamawa? Wofa. Rabin buhun masara aka ba shi a kan lambarsa, wanda ya saya kuma ya bar gari da ita. Baba da kansa ya lura keken ba lamba, ranar da Wofa ya zo dara ya jingina shi da bayan yana kallon bango. Ina zaune ina tankaɗe, komai a kunnena.

"Ina lambarka?"

Wofa bai ɗago ba. "Saje, tagulla ba ya shiga ciki. Na ci masara."

"Ka rantse a gabana."

"Na rantse. Yunwa bai rantse ba."

Baba ya tattara 'ya'yan dara ya zuba a aljihu. Washegari ya kai maganar gaban Sufeto da bakinsa, aka cire Wofa. Wasu suka ce a yi masa sassauci, tsoho ne ba kowa. Baba ya ce, "Oda oda ce." Daga ranar ba su ƙara magana ba. Ramukan darar da ke ƙofar gida ƙasa ta cike su.

Amma ga abin da mutane ba su sani ba. Ba a yi kwana uku ba Baba ya kira ni ɗaki ya tura mini kwanonsa, ya ci rabi ya bar rabi.

"Kai wa wancan mutumin na Choggu. Kada ki ce ni na aiko."

Haka na riƙa zuwa kullum da rana, a ƙafa, kwano a cikin zane. Baba ya rame har ƙasusuwan wuyansa suka fito, Inna tana ta mamakin ina abincin yake tafiya. Wofa kuwa bai taɓa tambaya ba. Ya san kwanon, ai ya sha cin tuwo a ciki. Sai dai in ya gama ya lashe hannu ya ce, "Gaya ma mutum da bai aiko ba, gishiri ya yi yawa." In na dawo na faɗa, Baba ya ce, "Marar godiya. Gobe kada ki kai." Gobe kuma ya turo kwano.

Wata rana na isa na tarar da mai gidan hayar, wata dattijuwa, a ƙofar ɗakin tana tafa hannu a hankali. Wofa ya cika tun da safe, shi kaɗai. Ta ce ita ba ta san kowa nasa ba, za ta aika a gaya wa leburori su zo da amalanke. Na ce ta dakata mini don Allah. Na ajiye kwano na kama hanya, rabi tafiya rabi gudu.

Na faɗa wa Baba. Ya sa hula, ya turo keke, ya ce in hau kariya. Rabona da hawa bayan kekensa tun ina 'yar firamare. Da muka isa ya shiga ɗakin ya daɗe. Na leƙa na ga ya gyara wa Wofa ƙafafu, ya rufe shi da zanensa, yana zaune a bakin gado hannunsa a kan goshin amininsa. Ya fito idonsa ja. Keken Wofa na jingine a bayan ɗaki, taya duk ta sace. Baba ya turo nasa kusa da shi, ya zaro 'yar wuƙar yankan farcensa.

"Riƙe mini keken nan."

Na riƙe. Ya durƙusa ya kwance lambarsa da bakin wuƙa, ya ɗaura a na Wofa, ya ɗebo ƙasa ya shafa mata don ta daina ƙyalli. Sai a lokacin na gane.

"Baba, to kai fa?"

"Ni ina da ku. Ba za ku sa ni a amalanke ba."

"Sarawar fa? Ka je ka ce musu a janye dokar mana, ai kai ka kawo ta!"

"In na janye ta yau don abokina, gobe kowa yana da aboki." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Uwata, ki rantse mini. Ba Innarki, ba yayanki, ba kowa, sai ƙasa ta rufe ni. In suka ji kafin nan za su tausaya mini su karya dokar a kaina. Ban yarda ba."

Na yi ta kuka ina cewa a'a. Ya tsaya yana kallona har na rantse. Ya ari tsohuwar tabarma wurin mai gidan, ya naɗe a kariyarsa, ya aika a kira Sufeto.

Da tsofaffin suka taru, Sufeto ya ce, "Saje, ka san doka. Me ka kira mu mu yi?" Baba ya ce, "Ku je ku duba kekensa." Suka je suka dawo suna kallon juna. Sufeto ya ce, "Fanso ta ya yi? Yaushe? Da wane kuɗi?" Baba ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Lamba tana kan keke ko ba ta kai?" Sufeto ya ce tana kai. Kofur ya je ya kwance ta. Aka sayo katako, aka nemo wani limamin cocinsu, aka yi layi, Baba da kansa ya busa usur. Ban taɓa ganin sun sara daidai irin na ranar ba.

Daga nan keken Baba ya shiga ɗaki bai ƙara fitowa ba. Mutumin da ko masallacin bayan gida a keke yake zuwa, ya koma tafiya a ƙafa, karɓar fansho a ƙafa, jana'iza a ƙafa, cikin rana, da tsufansa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ba taya." A lokacin gaskiya ne, mutane har tsumma suke cusawa a taya. Da abubuwa suka ɗan sassauta, Yaya ya samu aikin tuƙi, ya sayo masa sababbin tayoyi biyu don neman shiri. Baba ya ce wa ya aike shi, ya tura su ƙarƙashin gado. Yaya ya fito ransa a ɓace ya ce mini, "Tsohon nan ba a iya masa." Baba ya ci gaba da zuba kuɗin asusu duk wata, ya ci gaba da ba tsofaffi horo. Abu ɗaya ne ya daina: bai ƙara ce mini in leƙa ta labule ba.

To, mu koma ranar Laraba. Ana yi wa Baba wanka a ɗaki, an aika kasuwa neman alawayyo, tsofaffin na zaune a gindin bishiya kansu a ƙasa. Yaya ya same ni a bakin madafa, fuskarsa ta canza.

"Ni ya hana aron sawu ɗaya, 'ya'yana na kukan yunwa. Ashe bare ya sayar wa."

Na ciji leɓe har na ji gishirin jini. Inna, da ke zaune cikin mayafi, ta ɗago ta ce, "Ni nake share ɗakin nan. Na ga hujin tun shekarar da lambar ta bar wurin. Ban tambaye shi ba, kai ma ba za ka tuhume shi ba yana kwance." Yaya ya juya ya fita, na ga bai gamsu ba. Ni kuma na zagaya bayan gida inda ba kowa, na jingina da bango. Ina jin haushin Baba, ina jin tausayinsa, na rasa wanne ya fi.

Sai na ji ƙarar sarƙa. Kofur ne, yana turo keken Baba, wai ya kawar da shi daga hanyar masu gaisuwa. Nasa keken na jingine a wurin tun da ya zo. Ya dube ni, ya duba hagu da dama.

"'Yata, riƙe mini keken nan."

Na riƙe. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya sa sukudireba a tasa lambar.

"Ranar Wofa ni na kwance," ya ce, bai ko kalle ni ba. "Tauraro a karkace. Guda ɗaya ce tak a garin nan, a gabana aka buga ta."

"Kawu, ka sani duk shekarun nan?"

"Bai tambaye ni ba, ban gaya masa ba."

"To kai fa, Kawu?"

"Riƙe da kyau, yana motsi."

Ya ɗaura ta a kan hujin nan biyu masu tsatsa, ya cire rawaninsa ya naɗe a kariyar nasa keken. Ya buɗe baki zai yi magana, na san abin da zai ce, na saki keken na shige gida da sauri. Rantsuwa ɗaya ta ishe ni a duniya. Shi ya sa yau nake da bakin faɗar tasa.

Na koma bayan labule. Kofur ya turo keken Baba har gindin bishiya ya tsayar a gaban Sufeto. Sufeto ya dubi lambar, ya dubi kan Kofur da ba rawani. Ya ce, "Kofur, ɗazu da idona na ga huji biyu." Kofur ya ce, "Ranka ya daɗe, lamba tana kan keke ko ba ta kai?"

Na ga lokacin da maganar ta isa inda za ta. Sufeto ya taɓa jin tambayar nan a Choggu, daga wani bakin. Ya juya ya dubi ƙofar ɗakin da Baba ke kwance, ya daɗe, sannan ya ce a hankali, "Tana kai." Ya miƙe ya daka tsawa da muryar da ban san yana da sauranta ba: "A kawo alawayyon ƙungiya! Ku tashi ku yi layi!"

Da aka fito da makara, aka busa usur, suka ƙame suka sara. Baba, na leƙa kamar yadda ka ce. Ba su yi daidai ba. Layin ya karkace, na ƙarshe ya makara, Sufeto kuma kuka yake yi. Ban faɗa musu saƙonka ba, na yafe musu a madadinka, in ka ga dama ka yi faɗa.

Da masu rakiya suka dawo daga maƙabarta, ƙurar kabari a ƙafafunsu, na kira Yaya gaban Inna da Gwaggo na faɗa musu komai, tun daga kwano har tabarma. Yaya ya shiga ɗakin Baba ya rufe ƙofa. Bai fito ba sai la'asar, da tayoyin nan biyu a hannu, har yanzu a cikin takardarsu, ya zauna ya rungume su a tsakar gida.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa zafin ransa, Ya sa tafiyar ƙafar da ya yi ta zama haske a kabarinsa. Ya ba Inna haƙuri, Ya ba mu na zama bayansa. Ku kuma tsofaffin da har yanzu tauraro ke bayan kekunanku, na faɗa muku abin da na gani, sauran ya rage naku.

Ranar sadakar arba'in ina bakin ƙofa ina raba waina, na hango Kofur ya shawo kwanar lungu. Tun daga Kukuo, a ƙafa, da sanda, rigarsa ta jiƙe da gumi. Na tare shi na karɓi sandar, na kawo masa ruwa. Taya kuwa yanzu ga ta nan jibge a kasuwa, har rataye ta ake yi a bakin rumfa.

Na ce, "Kawu, ina keken?"

Ya shanye ruwan, ya miƙo mini kofi, ya ce, "Ba taya, 'yata."